Yadda Za Ka Zaɓi Tsayayyen Lensi Don Kyamara Marar Madubi

Ranar da na fara zuwa ɗaukar hoton biki da sabon lensina, kafin a yi la'asar na yi da-na-sanin barin tsohon a gida. Kamu ne, kuma ɗakin amarya irin sha biyu-sha biyun nan ne: gado ya cinye rabi, sif da akwatuna sun cinye rabin abin da ya rage. Lensin mai lamba 50 ne, na saye shi don duk wanda na tambaya sai ya ce shi ne farkon abin da ya kamata mai hoto ya mallaka. Da na ɗaga kyamara, fuskar amarya kawai na gani da rabin goggoro. Na ja da baya, na ƙara ja, har ƙeyata ta daki sif.

Gwaggon amarya ta ce, "Ɗan nan, so muke leshin ya fito har ƙasa, ƙawayenta kuma kowacce ta shiga."

Na ce, "Gwaggo, sai dai ko a fita tsakar gida."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amaryar ce za ta fita tsakar gida ranar kamu don hotonka?"

Da wayar ƙanwar amarya aka ɗauki hoton ƙawaye ranar, ina tsaye da kyamara rataye a wuya. Lensin ba shi da laifin komai, har gobe ina aiki da shi. Ni ne na saye shi ban san girman sensar kyamarata ba, ban kuma auna irin wuraren da nake aiki ba.

Lensi iri biyu ne. Akwai mai zuƙowa, wato zum, kamar wanda ke zuwa tare da kyamara a kwali mai rubutun 16-50 ko 18-55. Akwai kuma tsayayye, wanda masu sana'a ke ce wa firaim: lamba ɗaya gare shi, 35 ko 50 ko 85, ba ya matso da abu, ba ya nisanta shi. Abin da ya rasa wajen zuƙowa ya fanshe shi wajen shigar da haske, kaifin hoto da rashin nauyi, sau da yawa har da sauƙin kuɗi. Kyamara marar madubi kuwa, wadda kamfanin Panasonic ya fara fitarwa a 2008 da samfurin G1, jikinta ƙarami ne, ƙaramin lensi ya fi yi mata kyau a hannu. Lokacin da Fujifilm ya fito da X-Pro1 a 2012, lensi uku kacal ya haɗa ta da su, 18 da 35 da 60, duka tsayayyu, babu zum ko ɗaya. Ga matakan da za ka bi kafin ka fitar da kuɗinka.

Mataki na 1: San bakin kyamararka

Baki shi ne zoben ƙarfen da lensi ke shiga a murɗa ya kulle. Kowane kamfani da nasa. Na Sony sunansa E, tun 2010 yake. Na Fujifilm X. Na Canon RF, na Nikon Z, dukansu a 2018 suka fito. A shekarar ne kuma Leica da Panasonic da Sigma suka haɗa kai a kan baki ɗaya mai suna L. Akwai kuma Micro Four Thirds na Panasonic da Olympus, sai dai kyamarorin Olympus sun koma sunan OM System.

Sunan kamfani kaɗai ba ya isa. Canon baki uku gare shi da ke yawo a kasuwa: EF na tsofaffin kyamarori masu madubi, EF-M na jerin M irin su M50, sai RF. Lensin EF-M ba ya hawa kyamarar RF, babu kuma adaftar da ke haɗa su, sannan kamfanin ya daina ƙera jerin M. Idan M50 ce a hannunka kuma kana da niyyar komawa jerin R wata rana, gara ka sayi lensin EF da adafta, shi zai bi ka duk inda ka koma. Panasonic ma baki biyu ne: Lumix G na Micro Four Thirds, Lumix S na L.

Sai ka duba ko an yi lensin don babbar sensa ne ko ƙarama. A wurin Sony, mai alamar FE na babba ne, mai E kaɗai na ƙarama. Nikon yana rubuta DX a na ƙarama, Canon RF-S, Sigma kuma DC, na babba DG. Lensin ƙarama zai hau babbar kyamara, amma za ta yanke gefuna ta yi aiki da tsakiya kawai: kyamara mai megafiksil 24 sai ta ba ka wajen 10.

Mataki na 2: San girman sensa, ka yi lissafi

Nan ne na yi tuntuɓe. Cikakkiyar sensa, wadda ake ce wa ful-firem, milimita 36 ce a kwance, 24 a tsaye, daidai da tsohon fim. Ita ce a cikin Sony a7, Canon RP da R6 da R8, Nikon Z5 da Z6. Mai bi mata ita ce APS-C, wadda ke cikin Sony a6000 da 'yan'uwanta da ZV-E10, kyamarorin Fujifilm X, Nikon Z30 da Z50, Canon R10 da R50. Ƙaramarsu ita ce Micro Four Thirds.

Ƙaramar sensa tsakiyar abin da lensi ya gani kawai take kamawa, don haka hange yana tsukewa. Lissafin ba wuya. A APS-C, ninka lambar lensi sau ɗaya da rabi, a ta Canon sau 1.6. A Micro Four Thirds ninka sau biyu. Kyamarata APS-C ce, shi ya sa lensin 50 ɗin nan ya zame mini tamkar 75, lensin fuska ke nan, ba na cikin ɗaki ba. Riƙe wannan jeri a ka:

- Hangen 24: sayi 16 a APS-C, 12 a Micro Four Thirds.
- Hangen 35: sayi 23 a APS-C, 17 a Micro Four Thirds.
- Hangen 50: sayi 33 ko 35 a APS-C, 25 a Micro Four Thirds.
- Hangen 85: sayi 56 a APS-C, 42.5 ko 45 a Micro Four Thirds.

Daga nan gaba, duk lambar da na kira ta cikakkiyar sensa ce sai in na faɗi akasin haka. Kai sai ka juya ta zuwa taka.

Mataki na 3: Tambayi hotunan da ka riga ka ɗauka

Kowane hoto yana ɗauke da bayanansa a ɓoye, har da lambar da zum yake kai lokacin da aka danna. Buɗe hotunanka a kwamfuta, ka ware guda hamsin da suka fi burge ka, ko waɗanda masu aiki suka fi yabawa, ka rubuta lambar kowanne a takarda. Za ka ga sun taru a wuri ɗaya ko biyu. Inda suka taru nan idonka ya saba tsayawa.

Amma ka lura da abu guda. Idan yawancinsu sun tsaya a ƙarshen zum, ko can ƙasa ko can sama, alama ce kana neman abin da ya wuce iyakarsa, ya ƙi ba ka. Wanda kullum yake ƙure zum a 55 wataƙila abin da ya fi haka tsawo yake bukata.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Murɗa zum ɗinka zuwa lambar da kake tunanin saye, ka naɗe zoben da salatif, ka yi mako guda kana aiki da shi haka. Idan kafin kwana uku ka ji kamar ka yage salatif ɗin, ka tsira da kuɗinka. Idan mako ya wuce ka manta da shi, ka samu lensinka. Mai fitowa daga ɗaukar hoto da waya kuma ya sani, babbar kyamarar yawancin wayoyi tana gani ne kamar 24 zuwa 26. In wannan hangen ya yi maka, 24 ko 28 ba za su zame maka baƙi ba.

Mataki na 4: Auna wurin da kake aiki

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan zaɓin. Tsayayyen lensi shi ke gaya maka inda za ka tsaya, bango kuma ba ya matsa wa kowa. Ka tsaya mita uku daga mutane, kamar ƙafa goma ke nan, kyamara a kwance. Lensin 24 zai kama faɗin mita huɗu da rabi. Na 35 mita uku. Na 50 mita biyu da 'yar ɗoriya. Na 85 mita ɗaya da kwata, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa.

In kuma tsayin mutum kake so tun daga hula har takalmi, ka juya kyamara a tsaye, 35 yana bukatar ka ja mita biyu, 50 kusan mita uku, 85 kusan mita biyar. Nawa da ya koma 75 mita huɗu da wani abu yake nema, alhali ɗakin ƙafa goma sha biyu bai kai mita huɗu ba daga bango zuwa bango. Ko an fitar da gado da sif, leshin amaryar nan ba zai fito har ƙasa ba.

Ga halin kowanne a taƙaice.

Lamba 20 zuwa 24 ta ƙuntataccen wuri ce, da gine-gine, da cikar jama'a, da mai ɗaukar kansa yana riƙe da kyamara. Aibinta tana miƙe abin da ke gefe. Duk wanda ya faɗa ƙarshen layi sai ya fito ya fi yadda yake faɗi, don haka kada ka kuskura uwar ango ta tsaya a gefe.

Lamba 28 zuwa 35 ita ke nuna mutum da muhallinsa tare: maɗinki da kekensa, mai shayi da teburinsa, marini a bakin rijiyar baba ta Ƙofar Mata da zanen da ya tsamo yana ɗiga. In lensi ɗaya tak za ka iya saye kuma aikinka ya haɗa da cikin gida, nan za ka duba.

Lamba 40 zuwa 50 ta fi kusa da yadda ido ke auna girma da nisan abubuwa. Tsawon cikakkiyar sensa daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 43 ne, shi ya sa ake ɗaukar waɗannan a matsayin tsaka-tsaki. Henri Cartier-Bresson, shahararren mai hoton Faransa, da Leica da lensin 50 ya yi yawancin aikinsa.

Lamba 85 ta fuska ce. Sirrinta yana cikin nisan da take tilasta maka. Idan ka matsa dab da mutum, hancinsa ya fi kunnensa kusa da kai ƙwarai, sai hancin ya kumbura a hoto. Da 85 dole ka ja baya kamar mita biyu kafin kai da kafaɗa su shiga, kuma daga wannan nisan fuska tana fitowa yadda Allah Ya yi ta.

Lensin makro, mai lamba 90 zuwa 105, shi ne na ƙananan abubuwa: zanen lalle a bayan hannu, zoben gwal, aikin zare a wuyan babbar riga, kayan da 'yan kasuwa ke tallatawa a intanet. Na ƙwarai yana kawo abu kan sensa da ainihin girmansa. Wasu, irin su Canon RF 35 f/1.8 da RF 85 f/2, rabin girman suke kaiwa, kuma wannan ya ishi lalle.

Lamba 135 sai a fili. A zauren biki za ta sa ka yini kana neman wurin ja da baya.

Mataki na 5: Zaɓi faɗin ƙofar haske

Lambar da ke bin harafin f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. A juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Tsaninta shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kuma kowace hawa tana rage haske da rabi. Zum ɗin kwali, idan an ƙure shi, yawanci yana tsayawa a 5.6 ko 6.3. Lensin f/1.8 yana shigar da hasken da ya ninka na 5.6 kusan sau goma. Ma'ana, a falon da fitila ɗaya ke ci, inda zum zai sa ka ɗaga ISO zuwa 6400 hoto ya fito da tsaki-tsaki, tsayayye zai bar ka a wajen 640.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ƙofa tana buɗewa, yankin da ke fitowa tar yana sirancewa. A nisan mita biyu da f/1.8 a cikakkiyar sensa, kaurin abin da zai yi kaifi da lensin 35 kamar santimita 35 ne, da 50 kamar 17, da 85 kuwa kamar 6. Santimita shida bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ango ya ɗan sunkuyo, amarya ta ɗan koma baya, sai ɗaya ya fito ɗaya ya dushe. Bayan da ya dushe yana ƙawata hoton mutum ɗaya, amma da zarar an yi sahu biyu, rufe zuwa f/4 ko 5.6, ka nemi haske daga filasha ko taga.

To f/1.8 za a saya ko f/1.4 ko f/1.2? Dubi gida ɗaya. Canon RF 50 f/1.8 giram 160 ne, ya shigo kasuwa a kan dala 199. RF 50 f/1.2 giram 950 ne, ya shigo a kan dala 2,299. Hasken da babban ya ƙara ninki biyu ne da kaɗan, kuɗinsa ya haura ninki goma sha ɗaya, nauyinsa kusan ninki shida. Gilashinsa da ƙirarsa sun fi kyau, babu musu, amma mai rataye da shi tun ɗaurin aure har dina wuyansa zai ba da labari. Ga mai farawa, f/1.8 ko f/2 ya wadatar. Mai APS-C ne ke da hujjar neman f/1.4, domin ƙaramar sensa ba ta dusar da baya sosai: 56 f/1.4 a wurinsa yana ba da abin da 85 zai bayar a wajen f/2.

Mataki na 6: Jera su da tazara

Kada ka tara lensi masu kama da juna. Wanda ke da 35 ya ƙara 40, ko mai 50 ya ƙara 56, ya sayi abu ɗaya sau biyu. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kowanne ya kusa ninka na ƙasansa: 24 da 50 da 100, ko 20 da 40 da 85. In biyu za ka riƙe, 35 da 85 sun daɗe suna fitar da masu hoton biki kunya, ɗaya yana ɗaukar taro, ɗaya yana ɗaukar fuska.

Ga misalan da ba su da nauyi a jaka:

- Sony cikakkiyar sensa: FE 35 f/1.8 da FE 85 f/1.8.
- Canon RF: 35 f/1.8 da 85 f/2, sai 16 f/2.8 in ana son faɗi sosai.
- Nikon Z: 28 f/2.8 ko 40 f/2, da 85 f/1.8 S.
- Fujifilm X: 23 f/2, 35 f/2 da 50 f/2, duka ukun an rufe su daga ƙura da yayyafi.
- APS-C gaba ɗaya: ukun Sigma, 16 da 30 da 56, duka f/1.4, an yi su a baki daban-daban.
- Micro Four Thirds: Panasonic 25 f/1.7 da Olympus 45 f/1.8.

Ba a rana ɗaya za ka saye su ba. Fara da wanda mataki na 3 da na 4 suka nuna maka, ka riƙe zum ɗin kwali yana cike maka giɓi.

Mataki na 7: Na kamfani, na waje, ko tsoho da adafta

Lensin kamfanin da ya yi kyamara shi ya fi jituwa da ita wajen bin ido da saurin kama fokas. Amma Sigma da Tamron na Japan, Samyang na Koriya ta Kudu da Viltrox na Sin suna yin masu kyau a farashi ƙasa da haka. Mai bakin Sony E ya fi kowa zaɓi. Canon ya daɗe bai buɗe RF ba, sai a 2024 Sigma da Tamron suka fara fitar da lensin RF na APS-C da izininsa. Da yawa daga lensin TTArtisan da 7Artisans kuwa da hannu ake saita su. Suna da araha, suna kuma yi wa abin da ke tsaye kyau, amma ba a bin yaro mai gudu ko filin rawa da su.

Rashin madubi ya buɗe wata ƙofa. Tazarar da ke tsakanin baki da sensa a tsohuwar Canon EF milimita 44 ce, a RF 20. A Nikon F 46.5 ce, a Z 16. Wannan ragowar ce adafta ke cikewa, shi ya sa tsohon lensi yake hawa sabuwar kyamara, sabon kuma ba ya hawa tsohuwa. Lensin EF a kan adaftar Canon yana aiki cikakke. A wajen Nikon akwai tarko: adaftar FTZ ba ta da mota a ciki, don haka tsofaffin lensi masu alamar AF-D ba sa saita kansu a kanta, sai da hannu. Ka kuma haɗa kuɗin adafta da nauyinta a lissafi. Wani lokaci sabon f/1.8 ya fi tsoho da adaftarsa sauƙi.

Mataki na 8: Idan bidiyo na cikin aikinka

Abu huɗu za ka ƙara dubawa. Na farko ƙarar mota: kunna ɗauka a wuri shiru, ka sa fokas ya yi ta kaiwa da komowa, sannan ka saurara. Na biyu, wasu lensi suna sa hoto ya ɗan matso ko ya ja baya duk sanda fokas ya canza, abin da ba a gani a hoton tsaye amma yana damun mai kallo. Na uku rawar hannu. Yawancin tsayayyun lensi ba su da na'urar hana rawa, kuma kyamarori irin su Sony a6400 da ZV-E10, Canon R50 da R8 da Nikon Z50 ba su da mai motsa sensa a jikinsu. In haka ne, nemi alamar IS ko VR ko OSS ko OIS a jikin lensi, ko ka zauna a kan lamba mai faɗi, domin 85 yana ninka kowace 'yar rawa. Na huɗu rana. Bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa yana son ƙiftawar 1/50, kuma da azahar f/1.8 zai ƙone komai fari fat sai an ɗaura filtar ND mai rage haske. Faɗin zaren da filta ke hawa yana rubuce a gaban lensi. Sayi filta daidai da babban lensinka, ka sayi zoben da zai ɗaura ta a kan ƙananan.

Mataki na 9: Gwada kafin ka biya

Ba a cinikin biri a sama, balle lensi na hannu. Tafi da kyamararka da katinka da 'yar tocila.

- Cire murfi gaba da baya, ka haska tocila ta ɗaya gefen kana leƙawa ta ɗayan. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wato fumfuna, ko hazo kamar tururi a cikin gilashi.
- Dubi gilashin baya da kyau. Ƙarzuwa a can ta fi ta gaba ɓata hoto.
- Dubi zaren da filta ke hawa. In ya lotse, lensin ya taɓa faɗuwa.
- Ɗaura shi, ka ɗan girgiza a hankali. Kada ya yi lako-lako, kada kyamara ta riƙa rasa shi.
- Ɗauki fuska a f/1.8, ka faɗaɗa hoton a kan ido ka gani.
- Tsaya daidai gaban katangar bulo ka ɗauka, ka gwama kusurwoyi huɗun. In ɗaya ta dushe sauran suna da kaifi, gilashin ciki ya goce.
- Rufe zuwa f/8 da f/16 ka tabbatar ƙofar tana amsawa.

Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin lensin. In farashi ya faɗi warwas babu dalili, ka tuna araha ba ta ado, kuma kayan sata ma da araha ake sayar da su.

Mataki na 10: Yi shirin ƙura da damina

Mai tsayayyen lensi yana yawan canzawa, kuma a yawancin kyamarori marasa madubi sensa a buɗe take da zarar an cire lensi. A lokacin hunturu, daƙiƙa biyar ta isa ƙura ta zauna a kai, ka dawo gida ka tarar da ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto. Kashe kyamara kafin ka canza, ka juya bakinta ƙasa, ka ba iska baya, sabon lensin yana shirye a ɗaya hannun. In da mota ko ɗaki kusa, shiga ciki. Riƙe robar busa iska a jaka. Kada ka hura da baki, kada ka goge gilashi da gefen riga. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba: ajiye lensi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi, kada ka bar shi wata guda a rufe cikin jaka.

Akwai kuma ranar da ya kamata tsayayye ya huta. A Hawan Daushe, dawaki suna tahowa a guje, ƙura ta turnuƙe, dogarai sun tsayar da kai wuri ɗaya, ba ka da ikon matsawa gaba ko baya, ba kuma wurin buɗe kyamara ba ne. Wannan aikin zum 70-200 ne, ko kyamara biyu kowacce da nata lensin. Haka wasan ƙwallo da dambe.

Ni dai tun bayan kamun nan na sayi 23, wanda a kyamarata yake ba da hangen 35, kuma shi ke kan kyamarata a kusan kowane aikin cikin gida. Na 50 yana fitowa ne idan an koma fili ko ana son fuska. Shawarata gare ka ita ce ka sayi ɗaya, mai f/1.8 ko f/2, ka yi wata uku kana aiki da shi har ka iya sanin inda za ka tsaya tun kafin ka ɗaga kyamara, sannan kuɗin aikin da ya yi su sayo na biyu. Kafin ka tura wa kowa kuɗi, duba bakin kyamararka, duba sensarta, sannan ka ɗauki tef ka auna ɗakin da aka fi kiranka aiki.